Kwali mai taga, kwalin roba ko akwatin soso: wanne zai kai miki kwalba lafiya kuma ya ja ido a kanta?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kwalba, masu humra da kulacca da turaren jiki, masu zuma, masu man shanu da man kwakwa, har da masu yajin daddawa da yanzu ake ɗurawa a gilas. Tambayar da ake yawan yi min ita ce wai wane irin kwali ya kamata mutum ya sa kayansa a ciki, wanda in an jera a kanta zai ja ido, in kuma an ba direba a tashar Kawo ko Mando nan Kaduna zai kai Kano ko Legas lafiya lau, ba a kira ki ana cewa Hajiya kayan nan fa sun iso a jiƙe ba. Toh zan kawo su ɗaya bayan ɗaya, inda kowanne ya yi da inda ya gaza. Amma bari in faɗi ra'ayina tun yanzu kar in ɓoye, abin da ke ceton kwalba shi ne abin da ya riƙe ta daga ciki, ba kyan bayan kwalin ba. Mu kuma galibi a baya muke zuba kuɗin, a kala da ruwan gwal da ribon, ciki kuwa a bar kwalba tana rawa.

In kika bi diddigin asarar da muke yi za ki ga hanya uku ce. Ta farko gilas ya daki gilas, kwalba biyu a kwali ɗaya ba abin da ya shiga tsakaninsu, mota ta faɗa rami su ƙwanƙwashi juna, ɗaya ta tsage daga kafaɗa. Ta biyu wuya ne, kwalbar turare mai fesawa ko mai dogon murfi in aka danne kwalin daga sama duk nauyin a kan murfin yake sauka, gindin yana nan ƙalau amma wuyan ya karye ko kan fesawar ya lanƙwashe. Ta ukun ma ba fashewa ba ce, kwancewar murfi ce, girgizar mota ta awa da awanni tana sassauta murfi kaɗan-kaɗan, humra ta tsattso ta jiƙa kwali ta cinye rubutun sitika, kwastoma ta buɗe ta ga abu ya yi dama-dama, ko digo biyar ne suka zuba ita a wajenta kayan sun lalace. Duk kwalin da za ki zaɓa ki auna shi da waɗannan ukun.

Sannan nauyi. Kwalbar tola, mai mil 12 ɗin nan, da rabin tola mai mil 6 da kwata mai mil 3, ba su da wani nauyi, gilas ɗinsu kuma yana da kauri in aka duba ƙanƙantarsu, shi ya sa ba su cika fashewa ba, matsalarsu yoyo ce. Zuma kuwa lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4, kenan kwalbar rabin lita akwai gram 700 na zuma zalla tun kafin a sa nauyin gilas ɗin. Kinga kwalin da ya ɗauki tola ba zai ɗauki wannan ba, gindinsa zai buɗe a hannun mai saye.

Bari mu fara da kwali mai laushi, irin na magani da man goge baki, wanda masu buga takardu ke yi da takarda mai kaurin gram 300 zuwa 350. Shi ya fi arha in za a buga da yawa, shi ya fi karɓar kala, sunanki da lambar wayarki su fito raɗau, kuma a shimfiɗe ake ba ki shi, ki ajiye ɗari biyar a ƙarƙashin gado ba su tare miki ɗaki ba, ki riƙa naɗewa in oda ta shigo. In aka yanke masa taga aka manna 'yar leda garai-garai, mai saye tana ganin launin humrar ba sai ta buɗe ba, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, don buɗe-buɗen kwastoma shi ke yaga kunnen kwali a shago. Inda ya gaza shi ne ba ya shanye duka ko kaɗan. Takarda ce falle ɗaya, in ya faɗi kwalba ce ke karɓar faɗuwar gaba ɗaya. Tagar ma tana rage masa ƙarfi, in aka yi ta da faɗi har ta kusa kusurwa sai kwalin ya riƙa lanƙwashewa ta nan, shi ya sa nake cewa a bar aƙalla faɗin yatsa ɗaya na takarda tsakanin taga da kowace kusurwa. Ni a wajena wannan kwalin na tola ne da rabin tola da ƙananan kwalaben mil 30, a ɗan yi masa ninki daga ciki wanda zai kama wuya. Daga nan ya yi sama kar ki dogara da shi shi kaɗai.

Sai kwalin roba garai-garai, wanda ake ganin kwalba ta ko'ina. Gaskiya a hoto ba wanda ya kai shi, in kin ɗora a sitatus kwalbar tana ƙyalli, musamman irin masu murfin kiristal ɗin nan, kuma ba ruwansa da laimar damina, ba sai kin biya kuɗin bugu ba, sitika ɗaya ta wadatar. Shi ya sa masu kayan rabon biki suke son sa. Amma 'yar uwa ki yi tunani kafin ki kwashi dozin-dozin. Robar siririya ce, ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, ba ta da abin shanye duka, gindinta kuma 'yan kunnuwa ne da ake cusawa cikin juna, kwalba mai nauyi tana iya zamewa ta ƙasa in an ɗaga. Tana saurin karcewa, in suka gogi juna a katan sai ki ga sun yi fari-fari kamar an daɗe da ajiye su. Da hunturu kuwa ƙura take kira, daga Nuwamba zuwa Fabrairu in dai shagonki a bakin titi yake, a Tudun Wada ne ko Rigasa ko cikin Kasuwar Bacci, kullum sai kin goge, gogewar kuma ita ke ƙara karce ta.

Babbar damuwata da ita dai ita ce haske. Turare ba ya son rana, haske da zafi suna canza masa launi suna kashe ƙamshin da ke fara tashi, mai ma haka, ya yi ta shan rana har ya soma ƙaurin tsufa. Shi ya sa ake zuba wasu mayukan a kwalba ruwan ƙasa ko shuɗiya tun asali. Toh ke kin ɗauko kwalba fara kin sa a roba fara kin jera a gilas ɗin gaban shago inda ranar Maris da Afrilu ke duka, lokacin da zafin Kaduna ke haura digiri 35, man shanu da man kaɗanya su narke su bi murfi, turare ya yi duhu. In dole sai robar, ki tambayi mai sayarwa PET ce ko PVC. PET ita ce mai lamba 1 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, irin robar ruwan gora, ta fi haske ta fi jure mai. PVC mai lamba 3 ce, in ta sha rana tana komawa rawaya-rawaya. Kuma ki sa mata wani ɗan kwali mai rami a gindi wanda kwalbar za ta zauna a ciki, kar ki bar ta a tsaye haka nan.

Yanzu ga wanda ni na fi yarda da shi, kwali mai zigizag a tsakiya, irin na katan amma siriri. Falle uku ne, takarda sama, takarda ƙasa, a tsakani wata mai lanƙwasa-lanƙwasa, ita ce ke shanye duka don iska ce cike a cikin ramukan. Akwai mai ƙananan ramuka da masu aikin ke ce wa i-fulut, kaurinsa wajen milimita 1.5, akwai mai bi masa, bi-fulut, wajen milimita 3. Siririn ya fi kyau a ido, fuskarsa a shafe take, ana iya buga dizain a takarda mai sheƙi a manna a kai ya fito tsaf kamar na kamfani, ko a bar shi da launinsa ruwan ƙasa a buga hatimi a manna sitika, wanda wallahi ga zuma da man shanu ya fi dacewa, mutum na gani zai ji kayan gida ne na asali. Mai kaurin kuma shi za ki nema in kwalbar ta kai rabin lita.

Daɗin abin shi ne da wannan kwalin ake yanka abin ciki ma. Falle ɗaya a ƙasa da aka huda daidai faɗin gindin kwalba, wani a sama da aka huda daidai wuya, sai kwalbar ta tsaya cak a tsakiya ba ta taɓa bango ko ɗaya ba, murfinta kuma da 'yar tazara tsakaninsa da rufin kwalin, ta yadda in an danne daga sama bangon kwali ne ke ɗaukar nauyin ba murfi ba. In kwalba uku ce ko shida, a yi musu ɗaki-ɗaki da yankakkun kwalaye masu shiga juna. Kinga duk hanyoyin fashewar nan biyu na farko an toshe su da takarda kawai, ba soso ba komai. Ana iya yanke masa taga shi ma, doguwa siririya a gaba wadda za ta nuna launin zuma, kuma da yake yana da ƙwari tagar ba ta raunana shi kamar mai laushin.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Na farko in kina son a yanka miki daidai kwalbarki sai an ƙera ƙarfen yanka, kuɗinsa daban ne kuma sau ɗaya ake biya, amma ranar da kika canza kwalba ƙarfen ya tashi aiki. Wannan ne ke cin mutane, don yau kwalbar nan tana kasuwa gobe mai kawowa ya ce ta yanke, sai wata mai kama da ita wadda ta ɗara ta faɗi kaɗan, ramin ya ƙi karɓa. Saboda haka ki zaɓi kwalbar da ake samu kullum, ba wadda ta zo a kwantena ɗaya ta ɓace ba. Na biyu laima. Kwali yana shan danshin iska, in damina ta yi nisa, wajen Yuli zuwa Satumba, yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa ko ruwa bai taɓa shi ba, ki taɓa ki ji ya yi laushi. Kar ki ajiye su a kan siminti ko jikin bango, ki ɗora a kan katako ki rufe da leda, kuma in da hali a yi wa fuskar lamineshan, wato a manna mata siririyar leda, yana hana digon mai shiga. Na uku gefensa inda aka yanka yana nuna zigizag ɗin, wasu suna ganin hakan ya rage masa aji. In ana ninka bakin zuwa ciki ba a gani.

Sai akwatin alfarma, mai tauri wanda ba ya ninkuwa, irin wanda sabuwar waya ke zuwa a ciki. Da wani kwali mai toka-toka ake yin sa, kaurin milimita 1.5 zuwa 2 ko fiye, a lulluɓe shi da takarda mai kyau, wani a sa masa maganaɗisu a murfi, ciki kuma soso da aka rarake daidai siffar kwalba aka shimfiɗa masa satin ko karan-miski. Ba na musu, in ana maganar kayan lefe ko kyautar da za a kai wa manya, ba abin da ya kama ƙafarsa. Dangin amarya suna buɗewa suna ganin humra fara da baƙa da kulacca da turaren wuta kowanne a mazauninsa, tun kafin a shinshina an san an kashe kuɗi. Kariyarsa ma tana da kyau in sosan ya kama kwalbar sosai. Kuma ba a yar da shi, amarya za ta ajiye a kan madubi shekara da shekaru sunanki na jiki.

Amma shi ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba, don aikin hannu ne mai yawa, kuma a haɗe yake zuwa, guda ɗari sun cika miki lungun ɗaki. Kusurwarsa in ta daku ba ta dawowa, takardar da aka lulluɓa ta tsage a nan, kinga shi kansa sai an kare shi a hanya kamar yadda ake kare kwalbar. Digon turare ɗaya a kan satin ya zama tabo har abada. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga yarinya ta fara sana'a da ɗan jarinta, ta ga wata babba a Instagram tana sa kaya a irin wannan, ita ma ta kwashi rabin jarin ta zuba a akwati, sai ya zama kuɗin akwatin ya kusa kamo kuɗin abin da ke ciki, ta ƙara farashi kwastomominta na unguwa su gudu. Ki bari sai an yi odar saiti, ki sa kuɗinsa a lissafin saitin, ki faɗa wa mai saye akwai mai akwati akwai marar akwati.

Akwatin katako kuwa, wanda kafintoci ke haɗawa, a Panteka ma za a yi miki, yana da kyau wajen jera kaya a shago ko in za ki baje koli a filin baje-kolin nan na hanyar Zariya wanda KADCCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, ke shiryawa duk shekara. A yi miki mai hawa-hawa da ramukan da kwalba za ta zauna, ko an ture tebur ba za su zube ba. Amma na aikawa ba ne, ya yi nauyi, kuma katako ba ya shanye duka, miƙa wa gilas yake yi. Kwando da adudu ma haka, ado ne, in za a yi tafiya da su sai an naɗe kowace kwalba daban.

Mu koma kan abin da ake cusawa ciki, don nan ne ake yawan kuskure. Sosan da ya fi shi ne baƙi ko fari mai tauri ɗin nan da ake kira iba, irin na gindin silifas, ana yanka shi tsaf yana riƙe siffarsa, ba ya shan ruwa. Sosan katifa yana da arha, masu kujeru ma za su sayar miki da ragowar yanka, amma ya yi laushi ga kwalba mai nauyi, tana danne shi har ta taɓo bango, kuma in mai ya zuba shanye shi yake ya riƙe. Farin soso mai ƙaras-ƙaras wanda ke zuwa da talabijin da firji, don Allah ki nisanta shi da turare, man turare yana narkar da shi ya zama wani abu mai danƙo ya manne a jikin kwalba, ga ɓurɓushinsa da ke bin komai. Leda mai ƙurajen iska tana aiki sosai a hanya, a naɗe sau biyu ƙurajen na kallon gilas, a kama da salatif, sai dai ba ta da kyan gani, wajen katan ɗin waje ce ba cikin kwalin ado ba. Yagaggun takardu masu kala da ake zubawa a kwalin kyauta suna cike gurbi suna ƙawata abu, amma girgiza tana sa su kwanta, kafin mota ta wuce Zariya kwalba ta nutse ta isa ƙasa. Tsohuwar jarida in an dunƙule ta da kyau tana taimakawa, tawadarta dai tana ɓata farar sitika, kuma ban so a jikin abin ci.

Maganin yoyo ba a kwali yake ba sam, a bakin kwalba yake. Ki tabbata akwai 'yar robar toshiya ta ciki kafin murfi, ki ɗaure murfin, ki zagaye shi da ledar nan da ake hura wa zafi ta kama, ko da abin busar da gashi ana yi. Kar ki cika kwalba fal har baki, ki bar ɗan wuri don mai da turare suna kumbura in sun ji zafi. In za a yi nisa ki sa kowace a 'yar leda mai zif, in ɗaya ta yi yoyo ba za ta shafi 'yan uwanta ba.

Abin da nake so kowa ta riƙe shi ne kwalin ado daban katan ɗin tafiya daban, duk wanda kika zaɓa a cikin waɗancan sai ya shiga wani katan in zai hau mota. A tasha yaran mota ba sa karanta rubutun da kika yi cewa gilas ne, cusawa suke a but a ɗora buhu a kai a ja igiya, ban ga laifinsu sosai ba, lodi ne ya yi musu yawa. Ki nemi katan mai falle biyar, wato zigizag biyu, ba tsohon katan ɗin taliya da ya riga ya sha wuya ba. Ki bar tazarar santimita 5 ta kowane gefe tsakanin kayan da bangon katan, ki cike ta dam, kwalabe a tsaye, masu nauyi a ƙasa. Salatif mai faɗi a bi tsakiyar rufin a kuma bi bakunan biyu, sama da ƙasa. Da damina ki saka katan ɗin gaba ɗaya a babbar leda. Masu mashin na cikin gari ma kar ki raina su, daga Barnawa zuwa Malali a akwatin bayan mashin kwalba tana shan girgizar da ta isa ta kwance murfi.

Girman kwali kuma kuɗi ne. Manyan kamfanonin aike ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, suna auna tsawo da faɗi da tsayi a santimita su ninka su raba da 5000, in abin da ya fito ya fi nauyin sikeli da shi za su caje ki. Katan mai 30 da 20 da 15 kenan kilo 1.8 ne a wajensu ko da tola shida ce kawai a ciki. A nan akwatin alfarma ke ƙara cin kuɗi, don rabinsa soso ne da iska. Sannan turare mai sifirit a jirgin sama yana cikin kayan da ke kama wuta, akwai ƙa'idarsa daban, ki faɗa musu gaskiyar abin da ke ciki tun a kanta kar a tsare miki kaya a hanya.

Kafin ki biya kuɗin bugu mai yawa ki karɓi samfur ki gwada. Ki cika kwalbar da ruwa, ko yashi in ta zuma ce don nauyin ya kusa, ki haɗa komai yadda za ki aika. Ki fara girgiza shi kusa da kunnenki, in kin ji ƙwas-ƙwas ko kin ji abu na motsi toh bai yi ba, a ƙara matse abin cikin. Sai ki sake shi a kan siminti daga tsayin santimita 76, wajen tsayin tebur kenan, wannan shi ne tsayin da masu gwajin kwalaye na duniya ke amfani da shi ga kaya marasa nauyi sosai, kuma sau 10 suke yi, sau ɗaya a kan kusurwa, uku a kan gefuna, shida a kan fuskokin katan ɗin. Kusurwar ce ke tona asiri. Bayan nan ki kwantar da kwalbar a kan farar takarda ta kwana a kwance, da safe ki duba ko akwai tabo.

Wani abu da taga da robar garai-garai ke shafa shi ne wajen rubutu. Zuma da mai da kayan shafa duk suna ƙarƙashin NAFDAC, in kina da niyyar yin rajista ko shigar da kayanki manyan kantuna za a nemi sunan kaya, yawan abin da ke ciki, adireshin mai yi, lambar rukunin da aka haɗa, ranar yi da ranar ƙarewa, da lambar rajista. Kwalin takarda yana da bango huɗu na rubuta wannan, ki bar gurbi fari na buga kwanan wata da hatimi. Robar kuwa dole komai ya koma kan sitikar kwalba, a tola kuma ina wurin yake.

Toh in ke mai tola ce da ƙananan kwalabe, kina sayarwa a gida da cikin gari, kwali mai laushi da 'yar taga da ninkin wuya ya ishe ki, kar ki wahalar da jarinki. In humra ce ta mil 100 zuwa sama, ko zuma da man shanu, ko rabin cinikinki webil ne zuwa wasu garuruwa, ki tafi kan mai zigizag da abin cikinsa na kwali, shi zan zaɓa ko sau nawa aka tambaye ni. Roba garai-garai ki bar ta ga kayan rabon biki da za a miƙa hannu da hannu a cikin kwana biyu, ko guda ɗaya ta nuni a kanta can inda rana ba ta kaiwa, sauran kayan suna rufe a kwalinsu. Akwatin soso kuma sai lefe da kyauta, bisa oda.

Ranar da za ki je wajen mai kwali ki tafi da kwalbar kanta a jaka, da murfinta a ɗaure da sitikarta a manne, kar ki tura masa awo ta waya, don ledar bakin murfi da kaurin sitika kaɗai suna iya hana ta shiga rami. Ki ce ya yanka miki guda ɗaya fari ba bugu ki je gida ki yi gwajin nan, in ya tsallake sannan a yi maganar kala da yawan da za a buga, ki ba da rabin kuɗi, ragowar sai kin zaro wasu daga tsakiyar ɗaurin kin naɗe su da hannunki kin ga kwalba ta zauna daidai.